Igiya a Wuyan Hannu

Ban taɓa kiran sunan mijina ba yana da rai, ba kuwa yanzu da furfura ta rufe mini kai zan fara ba. Malam nake ce masa, ko da yake karatunsa bai wuce na sallah ba. A Paki muke zaune, gida ɗaya da mahaifiyarsa, wadda ni da kowa muke kira Inna.

Cin rani ne ya kai shi Ikko, ya bi shanun wani falke a jirgin ƙasa daga Zariya, gab da a ba mu mulkin kai. Da fari gadi ya yi a gidan wani Bature, manajan kamfani. Baturen ya ga mutum mai tsabta da zafin nama, sai ya mai da shi aiki a jirginsa na ruwa. Ba jirgin kaya ba ne, ba kuma na kamun kifi ba. Jirgi ne fari fat na shan iska, mai ɗakunan kwana da kujeru masu laushi, inda Turawa da sababbin manyanmu suke shiga ranakun hutu su ci su sha a tsakiyar teku. Ni dai har yau ban gane mutumin da zai bar ƙasa mai tauri ya tafi kan ruwa don ya huta ba. Aikin Malam shi ne goge ƙarafa har su yi ƙyalli, da ɗaure igiyoyi, da miƙa wa baƙi faranti. Bai iya iyo ba. Ruwa mafi zurfi da ya taɓa shiga shi ne kududdufin bayan gari, wanda ko da damina iyakarsa ƙugu.

Albashin ba wani abin kirki ba ne, don haka kowane ma'aikacin jirgin yana da 'yar hanyarsa ta gefe. Kuku yana sayar da ragowar burodi da kitse. Wani yana ɗinka jakunkuna da tsohon tamfol. Akwai wani Banufe, abokin Malam, da yake kamun kifi da fatsa in an tsaya, ya kyafe ya kai kasuwa. Malam kuwa tasa hanyar a nan gida ta same shi, ba tare da ya nema ba.

A hutunsa na farko ya zo mana da tsaraba, har da kwalba guda cike da ruwan teku, don kawai mu gani. Inna ta ɗanɗana ta tofar, ta ce wannan ai miyar da aka manta ba a sa kuka ba ce. Muka yi dariya muka ajiye. Amma labari ya fita. Kafin mako ya zagayo, wani malami ya taso a keke tun daga Makarfi, ya zauna a zaure, ya yi doguwar gaisuwa, sannan ya ce a sayar masa da kwalbar zai wanke rubutu da ita. Ya kuma ƙara da cewa in za a sake kawowa, kada a ɗebo na bakin gaɓa inda mutane ke wanka. Na can tsakiya yake so, inda ido ba ya hango ƙasa ta kowane gefe.

Daga nan abin ya zama sana'a. Kwalaben da baƙin jirgi suka shanye Malam yake wankewa da toka, ya cika, ya toshe, ya aiko ta hannun fatake. Ni nake sayarwa a cikin gida, cokali-cokali. Masu ciwon gwiwa suna shafawa, masu tsoron sammu suna yayyafawa a ƙofar ɗaki, har daga Saulawa da Likoro ake aiko yara da 'yan koko. Da kuɗin ruwan aka yi wa ɗakin Inna rufin kwano. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin kuɗin, na ji daɗin yadda matan unguwa suka fara gaishe ni da ladabi.

To, akwai abin da ya kamata in faɗa game da rijiyar gidanmu. Tana da zurfi ƙwarai, in ka leƙa sai ka ga ruwan can ƙasa kamar bakin tasa. A garinmu, in guga ya kuɓuce ya faɗa ciki, sai an bi maƙwabta aron ƙugiya, wannan ƙarfen mai ƙafafu da ake laluben guga da shi, kuma kafin a ciro kowa ya ji cewa gidan wane akwai sakarai. Inna ba ta taɓa aron ƙugiya ba, ba ta kuma taɓa mallakar tata ba, kuma da wannan take tinƙaho. Dabararta ɗaya ce. Kafin ka jefa guga, ka naɗe bakin igiyar a wuyan hannunka, ka soke shi ta yadda ba zai kwance ba. Da tsumagiya ta koya wa 'ya'yanta wannan, musamman Malam da yake ɗan fari. Ni ma da aka kawo ni gidan sai da na koya.

Ranar da hankalina ya fara tashi, yana alwala ne a tsakar gida a wani hutun. Ya naɗe hannun riga, sai na ga tabo ya zagaye wuyan hannunsa na dama, baƙi, kamar an ɗaure akuya ta yi ta fizga.

Na ce, "Malam, me ya same ka a hannu?"

Ya yi dariya. "Teku ce ta so ta ƙwace mini guga, na hana ta."

Sai da na matsa ya ba ni labarin yadda yake ɗibar ruwan. Jirgin ba ya tsayawa a can tsakiya, wucewa kawai yake yi. Baturen kuma ya hana a jefa komai ta gefen jirgi, don kada a goge masa fenti. Saboda haka Malam yakan jira sai baƙi sun zauna cin abincin rana, kowa ya shagala, ya lallaɓa bayan jirgi shi kaɗai, ya jefa guga jirgin na tafiya.

"Da ya taɓa ruwa sai ya cika nan take," in ji shi, "sai ki ji an fizge ki kamar kin riƙe ɗan maraƙi. Amma ai namiji ne ya riƙe."

Ni ban taɓa ganin teku ba. Amma na taɓa ganin jaki ya ja yaro a ƙasa daga bakin kasuwar Ikara har gindin rimi, saboda yaron ya naɗe igiya a hannu. Na ce masa ya ɗaura igiyar a jikin ƙarfen jirgin mana. Ya ce kafin ya ɗaura ya kwance wani ya gan shi, a kore shi daga aiki. Na ce to ya riƙe a sake, in ta fi ƙarfinsa ya bar ta ta tafi.

Inna tana tankaɗe a ƙofar ɗakinta. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "A gidan nan ba a sakin guga."

Raina ya ɓaci, na shige ɗaki don kada bakina ya kai ni inda ba na so. Da ya biyo ni na ce masa, "Rijiyar Inna ba ta gudu. Taka gudu take yi."

Ya ce, "Sarkin tsoro. To na ji, ba zan ƙara naɗewa ba."

Na yarda har zuciyarsa ya faɗa. Washegari da safe na tsaya a ƙofar madafi ina kallonsa zai ja mini ruwa. Yana magana da ni, yana dariya, idonsa a kaina, hannunsa kuwa ya kama igiya ya naɗe ya soke, bai ko san ya yi ba. Na ce, "Malam, dubi hannunka." Ya duba, dariyar ta ɗauke. Tun daga ranar, duk sanda na ga an jefa guga sai gabana ya faɗi.

A wannan hutun ne wani attajirin gyaɗa daga Kudan ya aiko. Matarsa ta daɗe tana jinya, an ce masa sai an yi mata wanka da ruwan tsakiyar teku, ba shafawa ba. Garwa-garwa yake so, ya kuma yi alkawarin keke sabo dal. Malam ya yi lissafi a ransa, ya ga da ɗan gugansa sai ya yi ta jefawa, kuma yawan jefawa ne zai sa a kama shi. Ranar kasuwa ya tafi Ikara wajen dukawa, ya dawo da wasaki, babban gugan nan na fatar sa da ake shayar da garke da shi. Sabo ne, yana warin jima. Ya rataye shi a jikin rumbu, kowa ya shigo sai ya yaba.

Kwanakin da suka rage ban daina magana ba. Na roƙa, na yi faɗa, na yi kuka. Na ce a mayar wa attajirin da saƙonsa, rufin kwanon ya ishe mu. Na ce ko ya nemi Banufen nan ya riƙa tsaya masa. Ya ce Banufen a lokacin cin abinci yana wajen miƙa faranti, kuma magana ta riga ta fita, ba zai zama ƙaramin mutum ba. Har na yi niyyar in sa wuƙa in tsaga wasakin. Na tsaya a gabansa da wuƙar, ɗana na goye a bayana, sai na ji tarin Inna a ɗaki, na fasa.

Ranar tafiya ya naɗe wasakin ya cusa a akwati. Ya durƙusa gaban Inna, ta sa masa albarka fuskarta a gefe, kamar yadda ake yi wa ɗan fari. Ni na raka shi iyakar zaure. Na kama hannunsa na dama, daidai tabon, na ce, "Don Allah, don Annabi." Ya ce, "Na ji." Haka ya faɗa wancan karon ma.

Damina ta faɗi, aka yi shuka, dawa ta kai gwiwa, ta kai ƙugu. Fatake suka zo ba kwalba ko ɗaya. Ɗan aiken attajirin ya yi ta sintiri har ya gaji. Ni kuwa na daina barci mai nauyi, na rame, matan unguwa suna zolayata wai kewar miji ce. Kewa ce, amma tsoro ya fi yawa.

Wata rana da hantsi, ana fara yankan gero, na ji sallama a zaure da wata irin Hausa mai karkata. Ƙanin Malam ya fita, ya daɗe, sannan ya shigo da wani baƙo gajere, baƙi, ɗauke da akwati a ka. Na gane akwatin kafin in gane komai. Banufen ne. Ya sauke, ya cire takalmi, ya durƙusa gaban Inna, ya yi gaisuwa, sannan ya fara bayani.

Ya ce da rana tsaka ne, baƙi suna cin abinci. Ya fito da faranti sai ya hangi Malam a bayan jirgi ya jefa wasakin. Ya ce ko ƙiftawar ido ba a yi ba igiyar ta fizge shi cikin ruwa. Ya yar da farantin ya yi kururuwa, ya faɗa ruwan da kansa, aka juyo da jirgin, aka yi ta zagaye har rana ta faɗi. Hularsa kawai aka samu.

Na zube a ƙasa ina salati. Inna ba ta motsa ba. Uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban mutane, haka aka raine ta. Tana kallon tabarma ta yi tambaya, muryarta can ƙasa.

"Ya saki igiyar?"

Banufen ya ce, "Mama, na yi ta ihu ya saki. Ya so ya saki. Na ga yana ƙoƙarin kwance ta da ɗaya hannun. Ɗaurin ne ya ƙi kwancewa."

Inna ta ce, "Ba ya kwancewa." Ta tashi ta shiga ɗakinta mai rufin kwano, ta saki labule.

Ba gawa, ba kabari. Na yi takabata ina jin haushin kowa: Baturen da fentinsa, malamin Makarfi, attajirin Kudan, dukawan Ikara. Haushin Inna na fi ji, kuma ita na kasa kallo. Cikin masu zuwa ta'aziyya har akwai waɗanda suka rage murya suka tambaye ni ko akwai sauran ruwan. Na kwashe abin da ya rage na tuttular a bayan gida, wurin ya daɗe ciyawa ba ta fito ba.

Ban bar gidan ba, saboda yaron. Amma daga ranar na daina naɗe igiya, kuma ban ɓoye ba. A gaban Inna nake jan ruwa da igiya a sake, ina jiran ta yi magana in amayar mata da abin da ke cikina. Ba ta taɓa cewa uffan ba.

Sai da ɗana ya isa jan ruwa. Wata safiya ya tsaya a bakin rijiya, na hango shi yana naɗe igiyar a hannu, ban san a ina ya gani ba. Kafin in yunƙura, Inna, da gwiwar tata mai ciwo, ta riga ni. Ta fizge hannunsa ta warware igiyar da ƙarfi, guga da igiya suka sulale cikin rijiya, muka ji faɗuwarsu can ƙasa. Yaron ya fashe da kuka don ya san dokar gidan. Ta jawo shi jikinta, ta riƙe wuyan hannunsa tana murzawa, ta daɗe a haka.

Da la'asar ta kwance bakin zanenta ta ciro kuɗi, ta aiki ƙanin Malam maƙera ya sayo ƙugiya. Ita da kanta ta kafa ƙusa a jikin bangon rijiyar ta rataye ta.