Sajo Sanda, wanda ya ƙi yi wa akwati ƙarya

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata 14 ga watan Mayu, 2024, da hantsi, ina cikin aji a kwalejin Cadakori aka zo aka gaya mini cewa Sajo ɗan Sanda ya faɗo daga kan shaton ruwa, wato hasumiyar tankin ruwan gari, inda ya kafa akwatin da ke raba wa garinmu wifi. Kafin mota ta kai shi Maraɗi rai ya yi halinsa. Bayan la'asar muka yi masa sutura a ruggar mahaifinsa, kan hanyar Sae Sabuwa.

Sajo, ni na koyar da kai lissafi. Ka zo lakol Hausarka ba ta gama nuna ba, ƴan aji suna yi maka dariya, kai kuma kana taya su. Da ka tafi Maraɗi koyon gyaran waya da kwamfuta, na ce a raina shi ke nan, birni ya cinye shi. Sai ga ka ka dawo da jaka cike da igiyoyi, kana cewa garin da ke da gidan likita bai kamata ya zauna babu rezo, wato layin sadarwa, mai ƙarfi ba.

Ban manta da abin da ka yi wa mahaifiyarka Gwaggo da tsofaffin rugga ba. Ba su karatu, sunayen da ke cikin waya ba su amfane su da komai. Sai ka bi garke garke kana ɗaukar hoto, ka sa wa lambar kowane mutum hoton saniyarsa, domin ka san tsohuwa tana iya manta fuskar surukinta amma ba ta manta saniyarsa. Har yau in Gwaggo za ta kira ƙanenta, jar saniya mai karyayyen ƙaho take dannawa. Ita kuwa Farida, ungozomar gidan likita, kai ka ja mata rezo har ɗakin haihuwa, ta riƙa tura wa likitan Gidan Rumji hoto da bayani, ya gaya mata ta riƙe mace ko ta turo ta. Mata nawa ne ke goyo yau saboda wannan, Allah kaɗai Ya sani.

Rigimar ta fara ne bara, lokacin da kwamitin wifi na gari, mu biyar har da kai da Farida, muka sayo sabon akwati daga ƙetaren iyaka. Ka cire manhajar da ya zo da ita, ka zuba masa irin wadda masu ilimi daga ƙasashe daban daban suka haɗu suka rubuta, wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya duba ya gyara. Akwatin yana da wata sabuwar hanya ta iska, mai faɗi, marar cunkoso, wadda sababbin wayoyi kaɗai ke iya bi. Amma manhajar tana fara tambaya: a wace ƙasa nake? Da ka ce mata Nijar, sai ta bar tsofaffin hanyoyin a buɗe, ta rufe sabuwar. Ka yi mana bayani cewa masu kula da ita ba su buɗe wa ƙasa wata hanya sai sun ga izinin hukumar ƙasar a rubuce. Ka kuma gaya mana gaskiya, wadda da ka ɓoye ta da wataƙila kana raye: in aka ba ta sunan wata ƙasa, nan take za ta buɗe.

Wani daga cikinmu ya ce to a ba ta mana, wa zai sani. Na tuna amsarka kamar yanzu. Ka ce: "Malam, sama ma tana da burtali. Ni ɗan makiyayi ne, na ga abin da ka faruwa in manomi ya ce taku ɗaya kawai zai ci cikin hanyar shanu. Ban san mi hukuma ta aje cikin hanyag ga ba. Ba ni yi ma akwati ƙarya, a zo a kwashe muna kaya, Farida ta zauna ba rezo."

Daga nan aka sa ka a baki. Wasu suka ce kamfanin waya ne ya toshe maka baki don kada wifin gari ya fi nasa sauri. Wasu suka ce ka buɗe hanyar a ɓoye kana sha kai kaɗai a rugga, ruggar da ko wutar cajin waya sai an roƙi rana. Har aka ce kai ɗan rahoton jandarma ne. Ka je buron hukumar sadarwa a Maraɗi ka tambaya, aka ce ka jira, ka dawo ka jira. Ban taɓa jin ka rama wa kowa ba, iyaka ka yi murmushi ka ce Allah Ya kai mu ranar da za a buɗe ta bisa ƙa'ida.

Ranar Litinin, jajibirin rasuwarka, rezo ya ɗauke a gidan likita. Tsofaffin wayoyi duk suka makance. Amma an ga wasu ƴan tsiraru masu sababbin wayoyi zaune a inuwar shato suna nuna wa juna bidiyo, suna mamakin sauri. Ka gwada shiga akwatin daga ƙasa da kwamfutarka, ka tarar an ba shi sunan wata ƙasa, an mayar da komai kan sabuwar hanyar, an kuma canza kalmar sirri. Ba abin da ya rage sai a hau a gyara da hannu. Farida tana da mace mai naƙuda wadda jininta ya hau. Shi ya sa washegari ka hau, duk da iskar da ke kaɗawa a safiyar nan.

Ban ja da ikon Allah ba. Kwananka ne ya ƙare, ko kana kan tabarma da ka tafi. Amma ajali dabam, tambaya dabam, kuma ni ina da tambaya. Mu biyar muka san tsohuwar kalmar sirrin. Kai ba ka kulle kanka waje ba. Farida ita aka cuta. Ni wayata kowa ya san ta, roba ke riƙe da bayanta, ko an buɗe hanya goma ba ta gani. Saura mutum biyu. Dukansu sun zo zaman makoki, sun zauna sahun gaba, kuma ban ga wanda ya fi su share hawaye ba. Ranar sadakar uku, ko fatiha ba a gama shafawa ba, ɗayansu ya matso ya ce mini a hankali: "Malam, yanzu sai a sake duba maganar buɗewag ga." Na dai dubi sabuwar wayar da ke hannunsa. Ba zan kama suna a nan ba, don ban gani da idona ba, amma zuciyata ba ta kwanta ba, kuma ba zan yi kamar ta kwanta ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da Farida ta gaya mini daga baya. Ta ce a safiyar Talatar nan rezo ya dawo mata, ta tura saƙonta, likita ya amsa, aka ɗauki matar zuwa Gidan Rumji, sannan ta ji ihu daga wajen shato. Abokin aikinka Muhammad Awwal ya zo daga Agiye ya auna daga ƙasa, ya ce akwatin yana shelar sunan ƙasarsa ga duk mai saurare, kuma Nijar yake cewa. Ashe ka gama aikinka, wajen saukowa ne ƙafa ta zame. Ya kuma ce ka sa sabuwar kalmar sirri, wadda ba ka samu gaya wa kowa ba. Ta bi ka kabari. Yanzu duk mai son ya sake yi wa akwatin nan ƙarya, sai ya taka tsanin da ka taka, ya hau inda ka hau, gari yana kallonsa. Ni ma zan kasance cikin masu kallo.

Allah Ya jiƙanka, Sajo, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa aikin da ka hau yi ya zama abin da za ka tarar. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifinka Malam Sanda, da Gwaggo, da matarka Hassana da ƴaƴanta, da dukan mutanen rugga da na Cadakori. Allah Ya ba ku haƙurin da ya fi ƙarfin wannan rashi. Gwaggo ta ce kada a goge hoton farin bijimin da ke kan lambarka, kuma ba za a goge ba. Allah Ya kyautata namu ƙarshen, amin.