Sabon Inji a Motar Zaharis

Yayana Zaharis mutum ne da in ka ce masa ga gabas, sai ya tambaye ka wa ya aiko ka. Shekarunsa saba'in da huɗu, ni Pelagiya ya ba ni shida, kuma tun da na yi wayo a ƙauyenmu na gindin dutse a nan tsibirin Kirit na ƙasar Girka ban taɓa ganin ya yi wata sana'a ba in ba kiwon awaki ba. Sa'o'insa duk sun tafi Jamus ko sun bi jirgin ruwa, shi kuwa ya ce ba ya zaman garin da ba a jin ƙararrawar akuya. Matarsa ta rasu shekara goma sha ɗaya ke nan. 'Yarsu ɗaya tilo, Lenyo, tana aikin jinya a birni. Ni nake yi masa cuku da nonon awakin, ni nake dafa masa abinci, ni kuma nake shan faɗansa.

Shekara takwas da suka wuce gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Mutumin da yake hawan dutse kamar ɗan akuya ya koma sai ya huta sau biyu kafin ya kai ƙofar coci. Kowa ya ce kiwo ya ƙare. Ashe an manta da a-kori-kurarsa, wadda ya saya sabuwa fil tun Lenyo tana goye. Da ja ce, yanzu kam sai dai a ce kalar ƙasa.

Motar ce ta karɓi kiwon. Kullum da safe zai loda buhun masara ya bi hanyar dutse. Injin yana da wani tari nasa, kaf-kaf-kaf, sannan ya ja gurnani, sannan ya sake tarin. Awaki ɗari da goma, ko suna bayan tsauni na biyu, da sun ji tarin nan sai su gangaro a guje. Shi dai ya sauko, ya zuba masara a kwami, ya zauna a bayan mota yana duba su. Wata mota kuwa ba sa yarda da ita. Tun shekarar da ɓarayi suka hau da tasu motar da karnuka suka kwashe talatin, in baƙon inji ya tunkaro sai su watse su hau can inda ko mafarauci ba ya zuwa. Zaharis har alfahari yake da haka a gidan shan kofi.

A farkon Oktoban bara injin ya buga, a daidai kwanar coci, hayaƙi ya turnuƙe har fadan cocin ya fito da bokitin ruwa. Aka ja ta zuwa garejin Miron bakanike. Na bi su, don na san halin yayana da ciniki.

Miron ya leƙa, ya goge hannu, ya ce, "Kawu, sai dai haƙuri. Wannan ya riga mu gidan gaskiya."

"Uwarka ce ta riga mu. Gyara shi."

"Uwata tana gida tana gaishe ka. Hanya biyu ce. In farke wannan in sake masa kayan ciki, yuro dubu biyu da ɗari takwas, amma sai an aiko da kaya daga birnin Atina, ka sa sati shida. Ko in ɗora maka wani na hannu mai lafiya, dubu uku da ɗari biyu har kuɗin aiki, kwana goma ka hau abarka."

Na ce, "Tabɗi! Miron, motar gaba ɗaya wa zai saye ta dubu ɗaya da rabi?"

"Ba kowa, Inna. Ni ma abin da nake so in gaya masa ke nan, tsoron sandarsa nake."

Sati shida bai taso ba. Kafin tsakiyar Nuwamba dole a sauko da awaki zuwa makiyayar bakin teku, in ba haka ba dusar ƙanƙara ta rufe su a sama. Yadda yake saukowa da su kuwa, yana tafe a hankali da mota, suna biye da tarin injin. Ga Lenyo ta daɗe tana jiran irin wannan rana. Da yamma ta kira shi, ina jin muryarta daga kicin: "Baba, don Allah ka sayar da su ka taho. Ɗaki na nan na gyara maka." Ya ce mata waya ba ta ji sosai, ya kashe.

Fanshonsa bai kai yuro ɗari biyar a wata ba. Na san inda zai dosa tun kafin ya buɗe baki. Akwai kuɗin da ya daɗe yana ba ni ajiya a gwangwanin kofi, na jana'izarsa, don ya ce ba zai mutu ya bar 'yarsa da roƙo ba.

Ya ce, "Pelagiya, ɗauko gwangwanin nan."

"In ka mutu in binne ka da me, Yaya? Da cuku?"

"Ki jefa ni a rami, ki ce na gode."

Na zage shi tas, na yi kuka, na ɗauko. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ni ma ban hango abin da ke tafe ba. Da ni da shi da Miron, duk kan kuɗi muka tsaya, ba wanda ya tuna da kunnen akuya.

Ranar da aka gama aiki na shiga gaba muka hau tare. Injin sumul, wani siririn sauti yake kamar keken ɗinki. Zaharis har yana waƙa. Da muka kai kwami ya tsaya ya bar injin a kunne. Shiru. Can sai muka ji ƙararrawa, amma maimakon ta matso, nisa take ƙarawa. Na ɗaga kai na hango su a jere suna hawa, ko waiwaye babu.

"Yunwa za ta koro su," in ji shi. Muryarsa dai ba ta yarda da maganar ba.

Kwana huɗu muna hawa. Ya kaɗa buhun masara, ya yi fito, ya kira manyan da sunayensu. To ina, shekara takwas bai kira su da baki ba, yawancinsu ma an haife su ne a zamanin tarin inji. Ya gwada barin motar a ƙasa ya taka, bai yi taku ɗari biyu ba ya zauna a kan dutse yana huci. Muka koma wajen Miron, Zaharis ya ce a mayar masa da tsohon injinsa ko nawa ne. Miron ya ce ai an makara. Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo tun ranar Litinin, injin ya riga ya hau jirgi.

A rana ta biyar na ga abin da har yau ba na son tunawa. Yayana ya kashe mota, ya dogara sanda ya tsaya a bakin kwari, ya haɗa tafukansa a baki, ya shiga yin tarin da kansa. Kaf-kaf-kaf, ya ja gurnani, ya sake. Dattijo mai furfura, jijiyoyin wuya sun tashi. Na so in yi dariya, sai na ji hawaye. Ya yi ta yi har muryarsa ta dishe. Wata tsohuwar akuya mai karyayyen ƙaho ta leƙo daga kan dutse, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juya ta bi 'yan uwanta.

Ƙanƙara ta zo da wuri, sati guda kafin lokacinta. Lenyo ta taho daga birni ta ɗauko maza huɗu daga ƙauyen gaba, suka hau da ƙafa da karnuka. Kwana uku suna kora, suka sauko da sittin da ɗaya. Sauran wasu sun faɗa kwari wajen gudu, wasu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Waɗanda aka sauko da su ma sun zama kamar namun daji, ba mai iya riƙe su sai mai ƙafa. Mahauci ya zo da babbar mota. Zaharis bai fito ba, ni na tsaya aka loda.

Birni dai ya ƙi zuwa. Yanzu kullum da safe yakan tada motar ya tuƙa ta zuwa gidan shan kofi, tafiyar da ko ni da kwandon wanki nake yi a ƙafa. Shekaranjiya ina wucewa na tarar Miron ya tsaya ya kasa kunne a jikinta, yana neman abin da zai faɗa ya faranta masa.

Ya ce, "Kawu, ka ji sauti kuwa? Injin nan zai yi maka shekara ashirin yana tafiya."

Zaharis ya zare makulli ya sa a aljihu.

Ya ce, "Zuwa ina?"