Zagaye Ashirin na Yaya Rakiya

Bana shekara bakwai ke nan da muka kai yayata Rakiya makwancinta a nan Jidda, kuma sai yanzu na iya zama in rubuta wani abu a kanta. Abin faɗa bai taɓa ƙare mini ba. Matsalar ita ce duk ta inda na ɗauko labarinta sai ya biyo ta kaina, ni kuwa ban fito da kyau a cikinsa ba. Na yi ta ɗagawa daga wannan shekara zuwa waccan har abin da nake gudu ya faru, kuma da hannuna ya faru.

Ni direba ne. Motar ma'aikatan wani kamfani nake ja, daga cikin gari zuwa wani rukunin gidaje mai katanga a unguwar Abhur, inda baƙin ma'aikata ke zaune da iyalansu. Ina da iƙama, wato takardar izinin zama, ina kuma da kafili, wato wanda ya tsaya mini nake zaune a ƙarƙashin sunansa. Yaya Rakiya ba ta da ko ɗaya. Umara ta zo da mijinta, Allah ya yi masa rasuwa a nan, ita kuma ta ce ba ta bar komai a gida da za ta koma ta tarar ba. Ta kama ɗaki kusa da nawa a unguwar Mahjar, tana suyar waina da haɗa zoɓo tana sayar wa leburori. Ita ta goye ni ina jariri, don haka har na fara furfura Auta take kirana a gaban kowa.

A bayan gidajen nan na Abhur akwai fili mai itatuwan darbejiya. A nan wani dattijon Bature da muke kira Injiniya ya kafa kwanduna tara na ƙarfe, kowanne da sarƙoƙi a rataye a samansa, ya koya wa mutane wasan jifan faifai. Faifan na roba ne, girmansa kamar murfin tukunya. Za ka tsaya daga nesa ka jefa shi wajen kwando, inda ya sauka nan za ka je ka sake jifa, har ya shiga. In ka gama kwandunan tara ka yi zagaye ɗaya, kuma wanda ya fi ƙarancin jifa shi ya ci. Duk Juma'a bayan la'asar ake yi. Abokin tafiyarka ne zai rubuta jifanka a kati, a miƙa wa Injiniya, shi kuma ya shigar a wani shafi na intanet da ke fitar wa kowa lambar da ke nuna matsayinsa. Shafin zagaye ashirin na ƙarshe kawai yake riƙe wa kowane ɗan wasa. Da sabo ya shigo, mafi tsufa sai ya fice, ba a sake ganinsa.

Ni zaman jiran fasinja ne ya ishe ni na shiga. Ina da ƙarfin hannu, ba yabon kai ba, in na saki faifai sai an ɗaga kai. Inda zai sauka kuwa, ni da 'yan kallo a lokaci ɗaya muke sani. Sau biyu ina neman izinin shiga gidan mutane in ɗauko shi daga kan rufi.

Zoɓo na fara kai Yaya ta sayar wa 'yan wasa. Masu gadi sun san motata, ba sa leƙa kujerar baya. Ta zauna a gindin darbejiya da kularta, Juma'a uku tana kallonmu. A ta huɗu faifaina ya faɗi kusa da ƙafarta. Ta ɗauka, ta juya shi, ta tura shi wajen kwandon da ke gabanta, sai ga ƙarar sarƙa.

Ta ce, "Auta, wai wannan ne kuke ta zufa a kai?"

Injiniya ya ba ta wani tsohon faifai ruwan ɗorawa, ya ce mako mai zuwa ta shigo. Ta shigo kuwa, da abayarta, ta naɗe hannun rigar dama ta ɗaure da roba.

A wajen rajista aka sami cikas. Shafin yana neman lambar iƙama, domin masu kula da gidajen suna son sanin wanda ke shiga filinsu. Injiniya ya dubi Yaya, ya dube ni, ya gane ba tare da ya tambaya ba. Ni na kawo shawara. Na ce a riƙa shigar da katinta da sunana, ni in riƙa wasa ba kati, tunda dama lambata abin kunya ce. Aka yi dariya aka amince. Cikin Juma'a ashirin duk shirmena ya fice daga shafin, abin da ya rage a ƙarƙashin sunana, Habu, jifan Rakiya ne zalla.

Ba ta da nisan jifa. Inda namiji zai kai da jifa ɗaya, ita sai ta yi biyu. Amma ban taɓa ganin ta bi faifai bayan katanga ba. In itace ya tare hanya, mu sai mu ce za mu tsallake ta samansa, rabinmu mu maƙale a reshe. Ita sai ta ajiye nata a gefe, daga nan ta miƙe. Tsakanin wannan Juma'a da waccan, jifanta bai cika bambanta da fiye da ɗaya ko biyu ba, ko ana iska ko babu. Wata rana Injiniya ya nuna mana zanen da shafin ke yi wa kowa. Namu kamar haƙoran zarto, yau sama gobe ƙasa, nata kuwa a miƙe yake. Ba ta taɓa zama ta ɗaya ba, akwai wasu samari biyu 'yan Filifin da suka fi ta nesa ba kusa ba. Amma ta uku ko ta huɗu ba ya wuce ta, kuma maza fiye da goma ne a bayanta.

Abin ya zama abin musu a tsakanin maza. Wasu suka ce haka mata suke, rashin ƙarfi ke tilasta musu nutsuwa. Wasu suka ce filin ne gajere, da an ƙara nisan kwanduna da an ga iyakarta. Ni mace ɗaya na gani tana wasan a lokacin, don haka ba ni da bakin yanke wa mata hukunci. Da aka matsa mata ta faɗi sirrin, cewa ta yi, "Ku kuna jifa ne don a gan ku. Ni gwiwata ba ta son yawo, shi ya sa nake ajiye shi inda zan iya zuwa in ɗauka. Halas, shi ke nan."

Tana nuna kamar lambar ba ta dame ta ba, amma ba mu taɓa kaiwa rabin hanyar Mahjar ba ta ce in buɗe mata shafin a waya ba. Ba ta yi boko ba, sai dai ta gane siffar sunana, takan sa yatsa a kai ta ce, "Ka hau, Auta." Sau ɗaya tak, bayan ta daɗe tana kallo, ta ce a hankali, "Da dai nawa ne a wurin." Na ce mata wata rana za a gyara. Ta miƙo mini wayar.

Ciwon suga ne ya tafi da ita. Ƙaramin rauni ne a ƙafa, ta yi ta ɓoye shi saboda tsoron a tambaye ta takarda a asibiti, lokacin da muka kai ta abin ya riga ya ci jiki. Bayan rasuwarta na yi shekara biyu ban taka filin ba. In na sauke fasinja sai in kwanta a mota. A tsakanin nan Injiniya ya gama aikinsa ya koma ƙasarsu, samarin Filifin ma suka tafi, shafin ya koma hannun wata yarinya mai suna Sumayya, ma'aikaciyar ofishin gidajen, jikar Kanawa haifaffiyar unguwar Hindawiyya, wadda take jin Hausa fiye da yadda take iya mayarwa.

Ranar da na koma, ba wanda ya san Yaya a filin. Amma sun san sunana. Aka yi ta zuwa ana gaishe ni, ana cewa ashe ni ne Habun da zanensa ba ya lanƙwasa. Nan ne wurin da ya kamata in buɗe baki, na yi shiru. Da farko na ce wa kaina tsoro ne, domin in maganar ta kai kunnen kafilina cewa na yi shekaru ina shigar da marar takarda cikin gidajen, aikina ya tafi. Wannan gaskiya ne, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Yabon ya yi mini daɗi. Ban taɓa samun wanda ya yabe ni da nutsuwa ba tunda aka haife ni.

Na karɓi kati na ci gaba da wasa da sunana. Na san dokar shafin sarai, amma na ƙi tsayawa in yi tunaninta. Duk Juma'ar da na miƙa kati, zagayen Yaya ɗaya ke ficewa. Lamba ta fara gangarowa, zane ya fara karkacewa, aka koma tsokanata da cewa tsufa ya kama Malam Habu. Sai wata rana na buɗe shafin a mota, na duba kwanakin, na ga guda ɗaya ya rage nata, can a ƙasa, wanda ta yi makonni kaɗan kafin ta kwanta. Na kifa kaina a sitiyari na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Washegari na sami Sumayya a ofis na faɗa mata komai, na roƙe ta ta sa sunan Rakiya ko da a kan wannan ɗaya ne. Ta daɗe tana danne-danne, sannan ta girgiza kai. Ammu take kirana, wato baffa.

"Mu mumkin, Ammu. Ba ya yiwuwa. Suna yana tare da iƙama. In na taɓa, gogewa zai yi."

Ta ɗauki hoton shafin ta turo mini, ta yi alkawarin maganar ba za ta fita daga bakinta ba. Daga ranar na koma wasa ba kati, kamar da. Shekara huɗu na yi a haka, kuma zagayen nan ɗaya yana nan zaune a wurinsa.

Sau da yawa nakan tsaya in yi tunanin me Yaya za ta ce in ta ga filin yau. Mata sun kusa kai maza yawa, wasunsu da kansu suke tuƙo mota su zo. An ware musu rukuninsu, an kuma yi musu wurin tsayawa da ya fi kusa da kwando. Musun nan na da bai mutu ba, sai dai yanzu da matan ake yi: wasu na cewa a auna lambarsu da ta maza tunda kwandon ɗaya ne, wasu na cewa a bar kowa da nasa. Na ga mata masu jifan da ya fi nawa nisa, na kuma ga masu shirmen da ya fi nawa, abin da da Yaya na nan zai ba ta dariya sosai. Ban sani ba ko za ta yarda ta tsaya a wurin mata. Wani lokaci in ce girman kanta ba zai bari ba, wani lokaci in ce gwiwarta za ta yi na'am. Abu ɗaya na tabbata, ko yau ta zo ba za ta iya rajista ba, domin shafin har yanzu lambar iƙama yake fara tambaya.

Watanni huɗu da suka wuce, wata Juma'a da ba iska, na yi wasan da ban taɓa yin irinsa ba. Kafaɗata ce ke ciwo, don haka ban iya sakin hannu ba, na riƙa ajiye faifai gajere-gajere. Komai ya riƙa shiga. Wani abokin tafiyata, ba tare da na sa shi ba, ya riƙa rubutawa a bayan katinsa. Da muka gama ya ɗaga murya ya faɗi adadin, mutane suka taru suna dukan kafaɗata, ana cewa wannan ai dole ya shiga shafi. Na karɓi katin na nufi teburin Sumayya da ƙafata.

Ta riƙe katin ba ta shigar ba. Ta dube ni ta ce, "Ammu, ka tabbata?"

Mutane na tsaye a bayana. Na ce, "Yalla, maza saka."

Ba wanda ya tilasta ni, kuma ban manta ba. Na san abin da zai fice, na zaɓi a tafa mini. Kafin in kai mota nadama ta riga ta kama ni, na dawo da gudu, Sumayya ta nuna mini shafin. Zagaye ashirin, duk nawa ne. Jifan da na yi ranar nan guda ashirin da bakwai ne. Na Yaya da ya fice ashirin da takwas.

Yanzu in na zauna ina auna abin da ya rage nata, ba shi da yawa. Hoton da ke wayata sunana ne a kansa. Kaburbura a nan ba a rubuta musu suna, ko na je maƙabartar sai dai in tsaya daga gefe in yi addu'a ga kowa. Waɗanda suka ga wasanta sun watse a duniya. Saura ni, kuma kun ji irin riƙon da na yi wa amanar. Shi ya sa na kawo maganar jarida, ko da kafilina zai karanta. Wata mata mai suna Rakiya, mai waina a Mahjar, ta yi wasan jifan faifai a Abhur kusan shekara biyu, ta fi yawancin maza, kuma duk yabon da aka taɓa yi wa Habu nata ne. Wanda ya kai nan a karatu, ina roƙon ya ambaci sunanta ya nema mata rahamar Allah.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san ba za ta yi fushi ba. Da tana nan, da ta ji labarin, ba za ta tambayi nata zagayen ba. Cewa za ta yi in buɗe mata shafin ta ga inda na kai.