Ranar da Muka Mayar da Kaka Tudu

Wata Asabar cikin watan Agusta, ina aji huɗu a firamare, Baba ya sauko da Kaka daga kan dutse goye a bayansa, ita kuwa tana yi masa faɗa tun daga sama har ƙasa. Ni ce a baya, ɗauke da ƙullin kayanta da Littafinta Mai Tsarki wanda bangonsa ya sha ɗinki. Tari ne ya ci ƙarfinta, asibitin Sistoci kuma a gangare yake. Amma ita ba tarin ne damuwarta ba. Tsoronta kada ta mutu a gangare a binne ta wurin 'yan Katolika, nesa da kabarin mijinta.

Coci biyu ne a ƙauyenmu. Na tudu shi ne babba a shekaru. Kaka tana budurwa wani Baturen mishan ya hau da ƙafa, su Kaka suka yi ta jidar duwatsu a ka har ginin ya tashi. Daga baya da aka fasa hanyar mota a gindin dutsen, sai Fada, limamin Katolika, ya zo da makaranta da asibiti, mutane suka yi ta sauka. Baba ya bi makaranta, aka yi masa baftisma a can, har ya zama katikis mai koyar da addini. Shekara guda Kaka ba ta amsa gaisuwarsa ba. 'Yan tudu suna kiranmu masu carbi, mu kuma muna ce musu masu waƙa ba ganga. A tsakiyar hawan akwai wata tsamiya, ita ce iyaka. Gaisuwa da cinikin acca suna wuce ta, amma sujada da jana'iza kowa ya tsaya gefensa.

Ni kam ba ruwana da iyaka. Kullum in an tashi makaranta sai in kai akuyoyi kiwo, in tsinci tsamiya, in ƙarasa wurin Kaka in taya ta gyara duwatsun da suka tokare gonarta. Ranar Lahadi in yi sujadar Mas da safe a gangare, da yamma in hau in yi waƙa da tsofaffi. Kaka takan ce, "Ke jemage ce, ba ki ga tsuntsu ba ki ga dabba." In ce na ji, a dai ba ni gyaɗa.

Kwananta goma sha ɗaya a ɗakinmu. Wata safiya ina ba ta kunu ta riƙe hannuna ta ce, "Rifkatu, ubanki yana jin nauyin Fada. Ke ba ki jin nauyin kowa. Ki sa a mayar da ni." Bayan kwana biyu ta cika. Na tarar da Baba zaune da dattawan cocinmu suna maganar inda za a haƙa kabari, na tsaya a gabansu na faɗi saƙon. Wani ya ce yarinyar nan ba ta da kunya. Baba kuwa ya tashi ya je ya kira samarin ƙungiyar mawaƙa.

An kwana ana ruwa, hanyar duk santsi. Samari takwas suna karɓa-karɓar makara har tsamiya, inda dattawan tudu suke jira kamar yadda aka saba. Su shida ne, ƙaraminsu ya ba saba'in baya. Huɗu suka sa kafaɗa, suka ɗaga, taku uku makarar ta karkace. Suka ajiye, suka sake gwadawa, abu ya gagara. Can sai Baba Ayuba, shugabansu, wanda bai taɓa shan ruwa a gidan ɗan Katolika ba, ya matsa gefe ya ce, "Ku wuce da ita." Babana ne ya ɗauki gaba. Rabonsa da shiga cocin nan shekara ashirin, amma da aka ta da waƙar ban kwana babu baitin da ya manta. A nan kuka ya ƙwace mini.

Yau shekara huɗu ke nan ina aiki a wani ofishin aika kaya a unguwar Naif. Nan Dubai ran Juma'a muke sujada, cocin Katolika da na sauran ɗariku kusa da juna, bas ɗaya ke sauke mu duka, babu mai tambayar wani ina ya nufa. Da sauƙi ƙwarai, amma ban san sunan wadda ke zama kusa da ni ba. A gida kuwa, Mama ta ce mutum uku suka rage a cocin tudu, kuma duk kafin damina Baba ne ke hawa da sandarsa yana duba musu rufi. Ina kewar mutanen da ko faɗa suke yi, da sunanka suke yi.