Hular Baba a ruwan Kwatano

Ina cikin jan ƙugiya iska ta fizge hulata ta jefa a ruwa. Hular marigayi mahaifina ce, ita kaɗai na taho da ita daga garinmu Gaya.

Jiya ne bayan la'asar, a ruwan Kwatano da ke haɗe da teku, cikin kwalekwalen Baba Kojo, masuncin da ke sayen igiya a shagona a Zongo. Na yunƙura zan faɗa ruwan, ni da ko iyo ban iya ba, ya riƙe mini riga.

"Zauna, Alaji. Za ta dawo."

"Baba Kojo, teku fa ta nufa!"

"Ruwan nan ba irin kogin garinku ba ne. Yana fita, yana komowa."

Na zauna, ba don na yarda ba.

Rana ta yi ja. Ruwa ya tsaya cak kamar mai tunani, sannan ya juyo a hankali. Can sai ga hular tana tafe tana rangaji, kamar da kai a cikinta.

Wallahi ban san lokacin da na fara leƙen bayanta ba, ko mai ita ma yana tafe.

Ku fa, wa za ku so ruwan nan ya dawo muku da shi?