Yarinyar da Ta Miƙa Tafinta a Gaban Allon Gwajin Ido

Wata rana wata mata mai ɗinki, sunanta Lantana, ta shiga asibitin ido riƙe da hannun 'yarta Nusaiba, kamar wadda aka kai gaban alƙali.

Ba don ranta ya so ta zo ba. Dole ce, ƙanwar na ƙi.

Abin da ya faru, an tashi daga makaranta sai Nusaiba ta hango wani mutum sanye da shuɗiyar shadda irin ta babanta. Ta bi shi a guje tana "Abba! Abba!" har ta tsallaka babban titi, masu adaidaita sahu suna cin birki suna salati.

Sai da ta kama hannun rigarsa, ta ɗaga kai, sannan ta ga baƙuwar fuska.

Allah ya sa mutumin kirki ne. Shi ya riƙo ta har ƙofar gida.

Kun san abin da Lantana ta fara nema? Ba ruwan da za ta ba yarinyar ta sha ba. Wayar caja ta fara nema, don da ita ake hukunci a gidan.

Maƙwabciyarta, wata dattijuwa, ita ta riƙe mata hannu. Ta ce yarinya 'yar shekara takwas ba ta kasa gane ubanta da rana tsaka, a kai ta a duba idonta.

Nan tsoro ya kama Lantana.

Domin ta san asibitin ido. Tun tana budurwa ita ta raka mahaifiyarta. Aka zaunar da tsohuwar gaban wani allo mai fitila a ciki, manyan baƙaƙe a sama, suna ƙanƙancewa har ƙasa. Aka rufe mata ido ɗaya aka ce ta duba.

Tsohuwar ta ce su kunna fitilar mana.

Alhali a kunne take.

Hawan jinin ido ne, kuma an makara. Har ta koma ga Allah da lalube take gane fuskar jikokinta.

Tun daga ranar Lantana ta tsani allon nan, ko a hoto ba ta son ganinsa.

Kada ku ce ba ta ga alamu a jikin 'yarta ba. Ta gani sarai. Ta ga yarinya tana cusa hanci cikin littafi kamar za ta shinshina shi. Ta ga tana manne wa talabijin. Ta ga littafinta na makaranta fayau, ba ta kwafi komai daga allo ba.

Malamai suka ce daƙiƙiya ce. Lantana ta karɓa hannu bibbiyu, har da jin sanyi a ranta. A ganinta daƙiƙanci yana da magani, bulala. Makanta kuwa ta riga ta ga abin da take yi wa mutum.

To ga su yau a kan benci, layi yana matsowa. Duk wanda aka kira, sai gaban Lantana ya faɗi. Sau biyu tana miƙewa za ta gudu, ta tuna ƙarar birkin nan da aka ba ta labari, ta koma ta zauna.

Aka kira Nusaiba.

Ɗakin da ɗan duhu. Can a jikin bango ga shi nan, fari tas, yana haske. Bai canza ba ko kaɗan.

Lantana ta kasa ƙarasawa ciki. Ta jingina da ƙyaure, tana ta Hasbunallahu a zuci. Addu'arta ɗaya ce: kada yarinyar nan ta ce a kunna fitila.

Ma'aikaciyar jinyar, wadda kowa ke kira Sista, ta zaunar da Nusaiba, ta rufe mata idon hagu, ta nuna baƙin da ke can sama.

Nusaiba ta faɗa daidai, da 'yar siririyar murya.

Sista ta sauko layi na biyu.



Yarinya ta ƙanƙance ido. Ta miƙa wuya. Ta karkata kai. 

Sai kawai ta runtse ido, ta kau da fuska gefe, ta miƙo tafin hannunta a buɗe.

Sista ta ce, "'Yammata, me zan ba ki?"

Nusaiba ta ce, "Na kasa ne. Ki doke ni a wannan, don Allah. Wancan Umma ta daka jiya, bai huce ba."



Ita a iya saninta, duk allon da ke jikin bango aikinsa ɗaya ne: a nuna mata, ta kasa, a doke ta. Har ta daina kuka, ta koyi zaɓar hannun da za ta bayar.

Sista ba ta ko kalli Lantana ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ta naɗe yatsun yarinyar a hankali, ta ce nan ba a duka, wanda ya kasa ma shi ake nema.

Likita ya shigo ya haska idon, ya daɗe yana dubawa. Lantana tana jiran kalmar nan da ta taɓa ji, wato an makara.

Ya ce ba ciwon kakarta ba ne. Nesa ce yarinyar ba ta gani, kuma tabarau zai gyara. Sai dai idon hagu ya yi rauni saboda an daɗe ba a kula da shi ba. Za a yi ƙoƙari a kansa, amma da an kawo ta tun tana ƙarama da aikin ya fi sauƙi.

Aka ɗora mata wani tabarau na gwaji, mai nauyi, ana sauya gilasai a ciki. Nusaiba ta karanta layi na biyu. Ta karanta na uku. Ta yi ta gangarowa ba gargada, daƙiƙiyar malamai ke nan.

Sannan ta juya wajen ƙofa, inda uwarta ke tsaye can nesa da ita.

Ta ce, "Lah! Umma, daga nan ma ina ganin ki. Wa ya doke ki kike kuka?"

 Lantana ta durƙushe a wurin.

Darasi:

Ciwon da kika ƙi zuwa a duba don tsoro bai fasa aikinsa ba, ɗanki ne kawai yake ɗaukarsa shi kaɗai. Yaro bai san ba ya gani ba, ya zaci kowa haka yake ganin duniya. Kafin ki ce masa daƙiƙi, kafin ka zaro wayar caja, ku tsayar da shi nesa ku tambaye shi abin da yake hangowa. In ya ƙanƙance ido, asibiti yake buƙata.

Ku tura wannan ga duk uwa da uba da malamin da kuka sani. Wataƙila gobe da safe akwai wani ɗan tafin hannu da za a fasa duka.