Akushin Ƙirya

Ƙanshin ɗanyen itace ne ya tare ni tun daga bakin lungu, gauraye da warin kifin da ake banda a makwabta. Rumfar Kawu, ƙanen Inna, tana bayan kasuwa a Argungu, inda ƙasa ke gangarawa zuwa gulbi. Na iso da hantsi daga Birnin Kebbi, riƙe da ɓari biyu na fasasshen akushi a cikin ɗankwali.

Akushin na Kaka ne, mahaifiyar Inna, wadda ke zaune tare da mu a Badariya. Da shi ta zo gidanmu, kuma a cikinsa kaɗai take cin tuwo. Ranar da ya suɓuce wa Inna ya rabe biyu, Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta dai daina cin abinci. Aka zuba mata a kwanon silba, ta ce ƙarfe take ji a harshenta. Aka kawo na roba, ta kawar da kai. Aka sayo wani akushi a kasuwa, ta shinshina, ta ce ba a bar itacen ya bushe ba. Ruwa kawai take kurɓa. Da wuyan hannunta ya fara zama kamar kara, sai Inna ta ce in tafi wurin Kawu, tunda ina hutun makaranta.

Kawu ya gaji sassaƙa da gizago a wurin mahaifinsa, daga baya ya sayi injin da ke juya itace, yana fitar da ƙafafun gado da na kujera. Na same shi da wani tsohon masunci, abokin hirarsa, wanda ke gyaran koma a inuwar rumfar.

"'Yar boko ta zo ta koya muna sassaƙa," in ji masuncin.

"Bar ta, ko muciya ba ta iya riƙewa," Kawu ya ce yana dariya. Da na kwance ɗankwalin, dariyar ta tsaya. Ya haɗa ɓarin biyu, ya daɗe yana kallon tsagar. "Itacen ɗanya ne. Babanmu yas sassaƙa shi. Tun yaushe taƙ ƙi abinci?"

Na gaya masa. Ya miƙe ya fara zagaya itatuwan da ke jingine a bango, yana ƙwanƙwasa kowanne da bayan yatsa, yana magana kamar ba da ni ba. Maɗaci yana da kyau a inji, yana yin santsi, amma ɗacinsa zai bi miya. Ya ɓantari ɗan sassaƙe ya ba ni, na taɓa da harshe, na tofar. Dalbejiya tana da wari, kuma Kaka ta tsane ta. Aduwa ta allo ce da ƙotar fartanya, wadda yake da ita ba ta da kauri. Ya kafta gizago a jikin madobiya, sai wani jan ruwa ya tsattsafo a hankali, ya gangaro kamar an yanki yatsa. Na ja da baya.

"Wagga sai ta rina mata tuwo," ya ce.

Akwai ɗanya guda, amma ba a daɗe da saro ta ba. Ya ɗora tafina a kanta, na ji sanyi kamar jikin tulu. Ya ce idan ya fafe ta yau, kafin sati za ta tsage, kuma kafin ta bushe sai an ci kaka an shiga rani.

"Kaka ba za ta kai ba, Kawu," na ce.

Ya dubi bayan rumfar, inda wani abu dogo ke kwance a kan duwatsu, an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma. Na lura kajin gidan suna tono ko'ina, ban da wurin. Masuncin ya ajiye komarsa.

"Kai, wancan ba naka ba ne."

"Na sani."

"To mi za ka ce mata?"

"Sai ta rayu ta tambaye ni."

Ya yaye tabarmar. Gungumen ƙirya ne, ya fi tsawon mutum, ya yi furfura saboda daɗewa, amma babu ko hudar gara ɗaya a jikinsa. Kawu ya ce ƙirya ta turmi ce da taɓarya da gawayin maƙera, ba a yin akushi da ita saboda nauyi, kuma tana cin bakin ƙarfe. Amma ita kaɗai ce busasshiya a wurin. Ya yi bisimilla a hankali, ya auna kamu ɗaya daga gindi, ya sa zarto. Masuncin ya naɗe komarsa, ya tafi ba sallama.

Ban taɓa jin itace ya yi irin wannan kuka ba. Da injin ya ɗauka, Kawu ya kafa ƙarfe, sai wata siririyar murya ta fito, tana hawa tana sauka, kamar mace tana rera wani abu a ɗaki na nesa. Sauran itatuwa suna zubar da sassaƙe dogaye masu lanƙwasa, ita kuwa gari take fitarwa, ja mai duhu, yana sauka a hannuwansa da gemunsa. Yakan tsaya ya wasa ƙarfe, sai shiru ya rufe rumfar, har in ji ruwan gulbi yana bugun jiragen da aka ɗaure. Rana tana tsaka, amma na ja mayafina na rufe kafaɗa.

Bayan la'asar Kawu ya gama. Ya ƙona bayan akushin da jan ƙarfe har ya yi baƙi, ya shafe cikinsa da man shanu. Ya mayar da tabarmar kan gungumen, ya gyara gefenta kamar mai rufe wanda ke barci. Da ya raka ni tasha, abu ɗaya ya ce: "Ki ba ta da hannunki. In ta tambaya, kada ki ɓoye."

A mota na rungume shi a cinya. Gonakin shinkafa suna wucewa kore shar, shi kuwa yana ƙara nauyi, har ƙafata ta yi sanyi. Matar da ke kusa da ni ta tambaya ko dutsen niƙa na ɗauko.

Na sami Kaka a jingine, idanunta sun faɗa. Na durƙusa na miƙa mata. Hannuwanta suka sunkuya da nauyinsa. Ta shafa bakinsa, ta kai hanci, ta daɗe a haka. Sannan ta dube ni da wani irin kallo, kamar na shigo mata daga wuri mai nisa.

"Ƙawata, daga bayan rumfa ya ɗauko?"

"E, Kaka."

"Nawa ya yanke?"

Na buɗe tafina na nuna mata. Ta dubi ƙafafunta da ke miƙe a kan tabarma, ta motsa yatsun, sai ta yi 'yar dariya marar sauti. Inna, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta juya ta fita da sauri.

"Ɗan banza," in ji Kaka. "Ya rage mini. To, ku zubo tuwon."

Ta ci loma kaɗan a ranar, washegari ta ƙara. Ba ta iya ɗaga akushin, sai dai a ajiye mata a ƙasa ta sunkuya. Wani lokaci nakan same ta ta gama ci, ta bar hannunta a cikinsa, tana kallon bango. Ta rayu har na gama makaranta, har ta ga ɗiyata ta fari, kuma ba ta ƙara taka Argungu ba.

Sai bayan rasuwarta, da zaman makoki ya watse, Kawu ya gaya mini. Ita ta sayi gungumen da kanta, a shekarar da aka binne Kakanmu, ta ba shi ajiya. Ta ce idan ranarta ta zo, a faskara shi a jera a rufe kabarinta, don gara ba ta cin ƙirya. Ya ce sun faskara, sun jera tun daga wajen kai, amma bai kai ba. Wajen ƙafafu da dalbejiya suka cike.